Pete Postlethwaite: me ya hana ɗan wasan da Spielberg ya yaba zama jarumin Hollywood?

Mai tambaya yana son sanin ko wane ne dattijon nan mai manyan ƙasusuwan kunci da ya fito a matsayin maharbi a fim ɗin The Lost World: Jurassic Park, ya kuma fito a matsayin attajirin da ke kwance a gadon ajali a Inception. Ya ƙara da cewa ya ji an ce daraktan fim Steven Spielberg ya taɓa kiransa ɗan wasan da ya fi kowa iyawa a duniya, to idan haka ne, me ya hana shi zama jarumin da ake buga sunansa a saman fosta?

Malam, sunan mutumin Pete Postlethwaite, kuma maganar Spielberg gaskiya ce, ya faɗe ta bayan sun yi aiki tare a shekarar 1997. Amma kafin a zo kan Hollywood, ya kamata a san cewa fim ya riski wannan mutumin ne bayan ya riga ya manyanta a kan dandamali. Yana da shekara 42 lokacin da ya yi fim ɗin da ya fara jawo hankalin masu sharhi gare shi, yana kuma da shekara 47 lokacin da duniya ta san sunansa. Wanda ya fahimci wannan ya samu rabin amsar tambayarsa.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu 1946 a garin Warrington da ke arewa maso yammacin Ingila, tsakanin Liverpool da Manchester, a gidan talakawa mabiya ɗariƙar Katolika, shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Ya taɓa tunanin zama limamin coci, daga baya ya yi karatun koyarwa a kwalejin St Mary's da ke Strawberry Hill a Landan, ya kuma koyar da wasan kwaikwayo a makarantar Loreto ta Manchester. Sai da ya yi aikin malanta tukuna ya ajiye alli ya shiga makarantar horar da 'yan wasa ta Bristol Old Vic, a shekarun da wasu sa'o'insa sun riga sun yi nisa a sana'ar.

Inda ya gogu da gaske shi ne gidan wasan Everyman na Liverpool a cikin shekarun 1970. Ƙungiyar da ke wurin a lokacin ta haɗa matasan da daga baya kowannensu ya yi suna, irin su Julie Walters da Bill Nighy da Jonathan Pryce da Antony Sher, ga kuma marubuta 'yan gari kamar Willy Russell da ke rubuta wasanni da bakin mutanen Liverpool. Tsarin irin waɗannan gidaje shi ne ƙungiya ɗaya ta riƙa gabatar da wasanni daban-daban a jere, ana yin wani da dare ana atisayen na gaba da rana, saboda haka ɗan wasa yakan fito a sarki a wannan watan, a wata mai zuwa ya fito a ɗan dako ko mashayi. Sukan kuma ɗauki wasa su kai shi mashaya da kulob-kulob na ma'aikata, inda babu wanda ya sayi tikiti domin ya yi shiru, kuma idan ɗan wasa bai riƙe hankalin jama'a cikin minti guda ba, surutu ne zai binne shi. A ganina daga nan ya samo abin da ya bambanta shi har ƙarshen rayuwarsa, wato iya kame ɗaki gaba ɗaya ba tare da ɗaga murya ba. A shekarun 1980 ya yi aiki da kamfanin Royal Shakespeare, inda ya fito a Ragueneau mai gidan burodi a wasan Cyrano de Bergerac tare da Derek Jacobi, ya kuma fito a Bottom, masaƙin nan mai yawan cika baki, a A Midsummer Night's Dream a 1986. A tsakanin haka yana samun ƙananan fitowa a talabijin waɗanda ba su kai a tsaya a kansu ba.

Fim ɗin da ya fara nuna abin da zai iya yi a gaban kyamara shi ne Distant Voices, Still Lives na Terence Davies a 1988. Davies ya gina labarin a kan gidansu na Liverpool a shekarun 1940 da 1950, Postlethwaite kuma ya fito a mahaifin gidan, mutum mai dukan matarsa da 'ya'yansa. Akwai wani wuri a fim ɗin da ya isa a yi darasi da shi. A daren jajibirin Kirsimeti an nuna uban yana ƙawata gida a hankali, sannan ya hau sama ya leƙa yaran suna barci, ya tsaya yana kallonsu da fuskar da babu komai a cikinta sai ƙauna. Kashegari ana zaune a kan tebur ana shirin cin abinci, ba wanda ya ce masa uffan, sai jikinsa ya fara ɓari, ya miƙe ya fizge ƙyallen da aka shimfiɗa a tebur, kwanuka da abinci suka watse a ƙasa, ya daka wa matarsa tsawa ta zo ta kwashe. Ɗan wasa mai matsakaicin hannu zai nuna wa mai kallo mutum biyu, na kirki da dare, mugu da rana. Shi kuwa ya bar su mutum ɗaya, har mai kallo ya gane cewa yaran gidan ba su taɓa sanin da wace fuska ubansu zai tashi ba, kuma wannan rashin sanin ya fi dukan kansa cutar da su.

Shekara biyar bayan haka ya fito a wani uban da ya saɓa wa wancan ta kowace fuska, a fim ɗin In the Name of the Father na Jim Sheridan. Labarin ya samo asali daga abin da ya faru da gaske. A watan Oktoba 1974 ƙungiyar IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, ta tayar da bama-bamai a mashaya biyu a garin Guildford, mutum biyar suka mutu. 'Yan sanda suka kama wasu matasa huɗu, ciki har da Gerry Conlon ɗan Belfast, aka tilasta musu amsa laifin da ba su aikata ba, kotu ta yanke musu ɗaurin rai da rai a 1975. Mahaifin Gerry, wato Giuseppe Conlon, wanda dama yana fama da ciwon huhu, ya taso daga Belfast zuwa Landan domin ya nema wa ɗansa lauya, sai aka haɗa da shi aka kama tare da dangin da ya sauka a gidansu, aka ɗaure shi bisa zargin harkar abubuwan fashewa. Ya rasu a tsare a watan Janairu 1980. An saki Gerry da sauran ukun a 1989, an wanke Giuseppe da danginsa a 1991, sannan firaminista Tony Blair ya nemi gafarar iyalan a bainar jama'a a 2005.

Daniel Day-Lewis ne jarumin fim ɗin, shi ya fito a Gerry, kuma sun san juna da Postlethwaite tun zamanin Bristol. Tazarar da ke tsakaninsu shekara 11 ce kacal, amma babu mai kallon da ya taɓa shakkar cewa uba ne da ɗansa. Day-Lewis ya yi wasansa da zafi, yana zagaye ɗakin kurkuku yana ihu yana dukan kansa, Postlethwaite kuma ya zaɓi ya tsaya cik. A wurin da Gerry yake zazzage wa mahaifinsa tsohon ƙullin da ke ransa, yana tuna masa ranar da ya ci lambar yabo a wasan ƙwallo amma uban ya bi shi yana tambayarsa ko ya yi ƙeta a wasan, Giuseppe bai kare kansa ba, bai kuma mayar da zafi ba. Ya saurara har yaron ya gaji, numfashinsa na fita da ƙyar, sannan ya jawo shi jikinsa. Daga nan har zuwa mutuwarsa, lokacin da fursunoni suka riƙa cinna wa takardu wuta suna jefowa ta tagogi domin girmama shi, nauyin fim ɗin yana komawa kansa a hankali, ga shi kullum yana zaune yana rubuta wasiƙun neman a sake duba shari'arsu ko yana jan carbinsa. Ya kamata mai tambaya ya san cewa Sheridan ya sauya wasu abubuwa na tarihi, domin a zahiri uban da ɗan ba su zauna a ɗaki ɗaya a kurkuku ba, kuma an soki fim ɗin a Birtaniya saboda irin waɗannan sauye-sauye. Wannan fitowar ce ta sa aka sanya sunan Postlethwaite a takarar Oscar ta mataimakin jarumi, Tommy Lee Jones ya lashe ta da fim ɗin The Fugitive. Ina cikin waɗanda suke ganin an yi kuskure a wannan zaɓin, duk da cewa Jones bai yi wasan banza ba.

Daga nan ƙofar Amurka ta buɗe, ayyuka suka yi ta zuwa. A The Usual Suspects na 1995 ya fito a Kobayashi, lauyan wani ƙasurgumin shugaban 'yan ta'asa da ba a ganin fuskarsa, Bature mai sunan Japanawa yana magana da wani irin harshe da ba a iya cewa ga ƙasar da ya fito. Masu kallo da yawa sun ɗauka kuskure ne, sai a ƙarshen fim ɗin ake gane cewa mai ba da labarin ƙaga shi yake yi, har sunan ma a gindin kofin gahawa ya karanto shi, saboda haka rashin daidaiton ya zauna daram. A Romeo + Juliet na Baz Luhrmann a 1996 ya fito a limamin cocin da ya ɗaura wa masoyan aure a ɓoye, kuma a nan ne horon dandamali ya fito fili. Shakespeare ya rubuta yawancin maganganun wasan a baitoci masu gaɓa goma-goma. Leonardo DiCaprio da sauran matasan suna furta su kamar hirar yau da kullum, shi kuwa ya kiyaye ma'auninsu kamar yadda mai rera rubutacciyar waƙa yake kiyaye karinta, kuma duk da haka maganarsa ta fi ta kowa saurin shiga kunne. A 1997 ya yi wa Spielberg fim biyu, a The Lost World ya fito a Roland Tembo maharbin da burinsa kawai ya harbi namijin ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da mai suna T. rex, sannan ya fito a lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara a kan 'yan Afirka da suka ƙwace jirgin bayi a Amistad. Da aka kai masa labarin yabon da Spielberg ya yi masa, sai ya mayar da abin raha, ya ce shi dai yana jin abin da Spielberg ya faɗa shi ne Pete yana ganin kansa a matsayin wanda ya fi kowa.

Dalilan da suka hana shi zama jarumi a can ba ɓoyayyu ba ne. Manyan kamfanonin fim suna zuba kuɗi ne a kan fuskar da za ta sayar da tikiti a ƙasashe da yawa, yawanci ta matashi ko ta wanda ya yi suna tun yana matashi, shi kuwa ya iso yana dab da shekara 50, da sanƙo, da fuska mai ƙashi wadda ta fi dacewa da limami ko sojan haya ko mugu. Yabon darakta kuma ba ya canza lissafin masu zuba jari, shaida kuwa ita ce Spielberg da kansa matsayi na gefe ya ba shi a fina-finan biyu. Sannan shi ma bai bi hanyar da ake bi ba, domin bai koma Los Angeles da zama ba, ya ci gaba da zama da iyalinsa a karkarar Shropshire kusa da iyakar Wales. Sai dai kada a ɗauka wannan matsayi na gefe ƙasƙanci ne a sana'ar. Jarumi yana da awa biyu ya gina mutumin da yake kwaikwaya, kuma masu kallo sun shigo ne da ƙaunarsa a zuciya. Wanda aka ba minti goma dole ya shigo da tarihin mutumin gaba ɗaya a tafiyarsa da yadda yake riƙe kofi, ya kuma yi hakan ba tare da ya danne jarumin ba. Tembo misali ne mai kyau, domin a fim ɗin da mutane suka je kallon dabbobin kwamfuta, shi ne kusan mutum ɗaya da ake tunawa, musamman inda ya ƙi karɓar aikin da aka yi masa tayi bayan an kashe abokin farautarsa. Gaskiya kuma ita ce ya karɓi ayyuka da dama da ba su kai darajarsa ba, irin su Aeon Flux da sabon The Omen da Clash of the Titans, waɗanda babu abin da suka nema a wurinsa sai fuskar.

A gida Ingila ne aka riƙa ba shi aikin da ya cika hannunsa. Masu kallon talabijin sun san shi da Saja Obadiah Hakeswill a jerin Sharpe a 1994, mugun soja mai zabura da fuska wanda ya addabi jarumin shirin, Sean Bean. Amma fitowar da mutanen arewacin Ingila suka riƙe a zuciya ita ce ta Danny, shugaban 'yan badujalar mahaƙar kwal a Brassed Off na Mark Herman a 1996. A watan Oktoba 1992 gwamnatin John Major ta ba da sanarwar rufe mahaƙu 31, shekaru kaɗan bayan an karya yajin aikin ma'aikatan kwal na 1984 zuwa 1985, kuma an gina garin da ke cikin fim ɗin a kan Grimethorpe na Yorkshire, wanda 'yan badujalarsa na gaske ne suka busa kiɗan da ake ji. Danny tsohon mahaƙi ne da ƙurar kwal ta cinye masa huhu, yana tari a hankici yana ɓoyewa, kuma ya kafe a kan cewa babu abin da ke da muhimmanci sai kiɗa, alhali ɗansa na cikinsa bashi ya yi masa katutu har iyalinsa sun watse. Wato a nan ma uba ne mai laifi, laifinsa kuwa shi ne bai ga abin da ke gabansa ba. A ƙarshe ƙungiyar ta ci gasar ƙasa a zauren Royal Albert Hall na Landan, Danny ya taso daga gadon asibiti ya hau dandamali, ya ƙi karɓar kofin, ya shaida wa jama'a cewa ya yi kuskure da ya fifita kiɗa a kan mutane, ya kuma zargi gwamnati da rusa sana'a da garuruwa. Jawabi irin wannan yana da saurin zama wa'azi, abin da ya cece shi shi ne Postlethwaite ya yi shi a matsayin mutumin da bai saba magana a gaban jama'a ba, yana laluben kalma, kunya da fushi suna cin sa lokaci guda.

Bai taɓa barin dandamali ba ko a lokacin da fim ke biyansa kuɗi mai kauri. A 1997, shekarar da ya yi aiki da Spielberg, ya koma Bristol Old Vic ya fito a Macbeth ya kuma zagaya da wasan cikin ƙasa. A farkon shekarun 2000 ya yi yawo ƙasashe da Scaramouche Jones, wasan mutum ɗaya inda wani ɗan barkwanci mai shekara 100 yake ba da tarihinsa a daren ƙarshe na ƙarni na 20. Ya fito a Prospero a The Tempest a gidan Royal Exchange na Manchester a 2007, sannan a 2008, shekarar da Liverpool ta zama birnin al'adun Turai, ya koma Everyman inda ya faro ya fito a Sarki Lear ƙarƙashin jagorancin Rupert Goold. Masu sharhi sun rabu a kan wannan aikin, da yawa sun ga daraktan ya cika shi da dabaru har sun shiga tsakanin ɗan wasan da masu kallo, aka kuma yi masa gyare-gyare kafin a kai shi gidan Young Vic na Landan a 2009. Saboda haka amsar ko ya taɓa zama jarumi ita ce ya zama, sau da yawa ma, amma a wurin da kyamara ba ta adana ba, shi ya sa wanda ya san shi ta fim kawai yake ganin kamar a gefe ya ƙare rayuwarsa.

Ayyukansa biyu na baya sun taɓo Najeriya. A The Constant Gardener na 2005, wanda aka ɗauko daga littafin John le Carré, ya fito a Lorbeer, likitan da ke da hannu a ƙirƙirar wani maganin tarin fuka da aka gwada a kan talakawan Kenya, ya gudu kudancin Sudan yana aikin agaji domin neman kaffara. Labarin ƙagagge ne, amma mutane da yawa sukan haɗa shi da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. A The Age of Stupid na 2009 kuma ya fito a wani mai adana tarihi da ke zaune shi kaɗai a shekarar 2055 yana duba hotunan zamaninmu yana tambayar abin da ya hana a dakatar da sauyin yanayi, kuma ɗaya daga cikin labaran gaskiya da yake dubawa na yankin Neja Delta ne. A wajen bikin fara nuna fim ɗin ya yi barazanar mayar da lambar girmamawa ta OBE da aka ba shi a 2004 idan gwamnati ta amince a gina sabuwar tashar lantarki mai amfani da kwal a Kingsnorth. Wasu na iya ganin saɓani tsakanin wannan da Danny mai kare mahaƙa, amma abin da Danny ya kare shi ne mutanen da aka watsar ba tare da an tanadar musu wata sana'a ba.

A 2010 ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa, kuma ramar da ake gani a jikinsa a fina-finan shekarar ta gaske ce. A Inception 'yan mintuna kawai ya samu, yana kwance yana furta kalma ɗaya-ɗaya, amma duk shirin da jaruman fim ɗin suka ƙulla ya rataya ne a kan ko ɗan attajirin, wanda Cillian Murphy ya fito a matsayinsa, zai yarda mahaifinsa ya ƙaunace shi, saboda haka daraktan, Christopher Nolan, yana bukatar fuskar da za ta iya ɗaukar ƙyama da ƙauna a lokaci guda. A The Town na Ben Affleck ya fito a Fergie, mai shagon furanni a Boston wanda shi ne uban gidan 'yan fashin unguwa, yana tsaye yana kankare ƙayar fure da wuƙa yana gaya wa jarumin, cikin murya mai sanyi, yadda ya jefa mahaifiyarsa a shaye-shaye har ta hallaka. Ya rasu ranar 2 ga Janairu 2011 a asibitin Shrewsbury yana da shekara 64. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa aka sanya sunansa a takarar BAFTA, lambar yabon fina-finai ta Birtaniya, saboda Fergie, fim ɗinsa na ƙarshe, Killing Bono, ya fito a cikin shekarar, haka ma littafin tarihin rayuwarsa mai suna A Spectacle of Dust.